Busar da Ba Ta Cikin Littafi

A ɗakin kakana, a Unguwar Ya, akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda ba a buɗe ta sai sau ɗaya a shekara. Mu jikoki mun san abin da ke cikinta tun kafin mu san hannun dama da na hagu: jar dara da asu ya cinye gefenta, da lambobin yabo na soja, da takardar sallama wadda ninki ya kusa raba ta huɗu, sai kuma begila, wato ƙahon nan na tagulla da sojoji ke busawa. Saboda ita ne mutanen gari suka bar sunansa na yanka, suka koma kiransa Mai Begila.

Ranar buɗe adakar ita ce 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Da hantsi yakan shimfiɗa buzunsa a zaure, ya jingina rediyo da bango, ya saurari faretin da ake yi a Abuja. Idan 'yan badujala suka saki maci, sai in ga ƙafarsa ta hagu tana motsi a ƙarƙashin riga, tana bin babbar ganga, alhali fuskarsa a murtuke take kamar wanda ake karanta wa hukunci. Ba ya cewa uffan har a gama. Da yamma, rana ta yi ja cikin hazon hunturu, sai ya goge begilar da toka da lemon tsami, ya zagaya bayan gida inda karan dawa ke tsaye a bushe, ya miƙe ƙyam, ya busa. Busar tana farawa da amo biyu masu tsawo, ta yi ta hawa da sauka, ta zo ta tsaya a sama kamar tambayar da ba a amsa ba. Daga nan yakan ɗan numfasa, sannan ya ƙara wata gajeriyar busa mai sauri, sau biyu. Washegari a soya waina a raba wa almajirai. Wannan shi ne dukan bikin, kuma ban taɓa jin limamin unguwarmu ya ce masa kanzil ba, ko da yake a garinmu addu'a aka sani ana bin mamaci da ita.

Abin da muka sani na tarihinsa kaɗan ne, shi ma tsintarsa muka yi a bakin tsofaffi. A 1943, yana saurayi, ya taka da ƙafa zuwa Kano aka rubuta shi soja, aka kai shi Zariya aka horar. A 1944 aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, cikin runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, daga can aka shiga da su dazuzzukan Arakan a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma, don su kara da Jafanawa. Bai dawo ba sai 1946. In aka matsa masa da tambaya, sai ya ba da labarin ruwan sama, da matsattsaku, da yadda jiragen sama ke jefo musu abinci da laima. Labarin mutuwa kuwa, ko sau ɗaya.

Cikin jikokinsa ni ne na fi naci, har ya yarda ya koya mini. Begila ba ta da maɓalli ko rami irin na sarewa. Bututu ne kawai da aka naɗe, kuma amo biyar ne duk dukiyarta. Leɓe ne ke yin aikin: ka matse shi amo ya hau, ka sassauta ya sauka. Na yi wata guda ina fitar da kukan jaki kafin amo na farko ya fito sosai. Ranar da ya fito, Kaka ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Kai, ja'iri, ashe za ka gaje ni, har da matata.” Cikin shekara guda na iya busar yamman nan, da ƙyar, tare da wutsiyarta. A wurina abu ɗaya ne. Wutsiyar ma ta fi yi mini daɗi, don ita ce mai rawa a ciki.

A 2010, ina da shekara goma sha ɗaya, aka zaɓi makarantarmu ta je macin ranar yara a Birnin Kudu, 27 ga Mayu. Makarantun cikin gari suna da ganguna da farantan ƙarfe, mu kuwa ganga ɗaya ce da mu, ita ma an ɗinke fatarta. Kishi ya ci ni. Daren da za a tafi na saci mabuɗin adaka daga ƙarƙashin matashin Kaka. A filin maci na zama sarki. Duk inda muka gifta sai in saki wutsiyar nan, yara su ɗauka da shewa. Kafin mu dawo gida sun sa mata baitin shirme, suna bin wani akuya da ita. A rububin hawa mota begilar ta faɗi, bakinta ya lotsa.

Na yi zaton duka zan sha, na kuma shirya masa. Da muka shigo unguwa yara suna rera abin, Kaka yana zaune a ƙofar gida. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya shafa lotsawar da babban yatsa, bai ko dube ta sosai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Lotsawa ba komai ba ce, ta ga abin da ya fi haka. Amma waccan ta ƙarshe, wa ya ce maka ta wasa ce?” Ya shiga ɗaki. Bai ƙara koya mini ba, ni ma kunya ba ta bar ni na ƙara roƙo ba. Babana, da labari ya kai masa, ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Kaka ya rasu da daminar 2012. Na yi kuka kamar kowa, amma har da wani ƙulli a maƙogwaro, domin na san akwai laifin da na yi wanda ban san sunansa ba, balle in nemi gafararsa.

Shekaru suka shuɗe. Na yi sakandare, na shiga jami'a na karanta Hausa. A nan aka koya mana karin sauti, aka nuna mana yadda kowace gaɓa a harshenmu take da hawa ko sauka, da yadda wannan ya ba kayan kiɗa damar yin magana. Kalangu yana kiran mahauci da takensa. Gangar noma tana zuga jarumin gayya har ya manta da ciwon baya. Kakaki, da ɗan amon da yake da shi, yana faɗa wa gari cewa ga sarki nan tafe. Mu mutanen Birnin Kudu ma muna da abin tinƙaho a wannan fage, don a duwatsunmu, kusa da zanen dabbobin da mutanen dā suka bari, akwai duwatsu masu amo irin na ƙararrawa, waɗanda duka ya yi wa gurabu tun zamanin da ba wanda ya san farkonsa. Na rubuta duk wannan a jarrabawa, na ci maki mai kyau, amma ko kusa ban haɗa shi da adakar Kaka ba. Ilimi a ka, in bai tarar da tambayarsa ba, ajiya ce kawai.

A ƙarshen 2023 aka tura ni bautar ƙasa jihar Oyo. A sansanin horo na Iseyin aka nemi masu sha'awar shiga badujala, na ɗaga hannu, aka ba ni ƙaramar ganga. Wani saja mai kula da mu, mutumin kirki mai kaifin harshe, shi ya fara buɗe mini cikin wannan kiɗa. Maci, in ji shi, agogo ne da aka yi wa ƙafa. Babbar ganga tana faɗuwa tare da ƙafar hagu. Maci mai sauri taku kusan 120 ne a minti ɗaya, na makoki kuwa kusan rabin haka. Manyan ƙahoni masu kauri su ne harsashin gini, suna riƙe da ƙasa. Matsakaita suna cike tsakiya. Ƙananan masu kaifi su ke ɗauke da waƙar. Yawancin macin yakan buɗe da ƙarfi, ya zo tsakiya ya yi laushi kamar mai tuna gida, sannan ya rufe da dukan abin da ke ƙirjin mabusa. Amfaninsa duka, a cewarsa, shi ne mutum dubu su zama ƙafa ɗaya.

Na ga gaskiyar maganarsa da idona. Mu ɗaruruwa ne, daga kowace kusurwa ta Najeriya, wasu ba mu jin yaren juna, wasu ma muna ɗauke da zargin juna tun daga gida. Amma in ganga ta faɗi, ƙura ta tashi, sai ka ji wani abu ya ɗauke ka, ka daina zama ɗan wane daga gari kaza. Daɗin da ke cikin wannan ba ƙarya ba ne. A lokacin na fahimci abin da ke motsa ƙafar Kaka a ƙarƙashin riga. Abin da ban fahimta ba tukuna shi ne abin da ke murtuke fuskarsa.

Bayan sansani aka ajiye ni a Ibadan ina koyarwa, na sami ɗaki kusa da Sabo, unguwar Hausawa. Kullum in na bi ta Mokola sai in wuce wani bariki mai suna Letmauk. Sunan bai yi kama da Yarabanci ba, bai yi kama da Turanci ba. Da na bincika, sai na tarar sunan wani wuri ne a Arakan inda rundunar su Kaka ta yi yaƙi a 1945. Ashe ƙasar nan cike take da irin waɗannan sunaye. A Ikko akwai Arakan, da Myohaung, da Tamandu, da An, har da Dodan inda shugabannin mulkin soja suka zauna shekara da shekaru. A Kaduna akwai Dalet, a Zariya akwai Chindit. Muna ambaton su kullum a motar haya, muna cewa direba ya sauke mu a nan, ba mu san muna karanta taswirar inda kakanninmu suka zubar da jini ba.

Wannan ya ja ni ga karanta tarihin macin tunawa kansa. Turawan Ingila, waɗanda muka gaji badujala daga gare su, sun mai da shi al'ada: a yi yaƙi, a gama, sai wani mawaƙin soja ya tsara maci ya sa masa sunan fagen fama ko na runduna. Wani shugaban badujala mai suna Frederick Ricketts, wanda ke sa hannu da sunan Kenneth Alford, ya tsara wani a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya don tunawa da sojoji dubu ɗari na farko da Ingila ta tura, ya kira shi da sunan da ke nufin rundunar da ta ɓace. Na saurare shi a waya, cikin dare. Yana tafiya a hankali, kamar sahun mutanen da ke nisa cikin hazo. Abin mamaki, rundunar da ta yi yaƙin Bama ita ma laƙabin da ta samu ke nan kusan: rundunar da aka manta, domin hankalin duniya yana kan Turai. To, idan an manta da rundunar baki ɗaya, ina ga baƙaƙen da ke cikinta? Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar maraba da suka dawo, Biyi Bandele kuma ya rubuta labarin wani yaro Bahaushe a wannan yaƙi cikin littafinsa Burma Boy a 2007. Ban da irin waɗannan, sai sunayen barikoki.

Ranar 15 ga Janairu 2024 na tafi dandalin tunawa da ke Agodi. A dā ana wannan biki ne ranar 11 ga Nuwamba, tare da sauran ƙasashen da Ingila ta mulka, kafin Najeriya ta mai da shi ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Na tsaya can baya cikin jama'a. Badujala ta zo da kayanta suna walƙiya, aka yi maci mai nauyi, manya suka ajiye furanni, tsofaffin sojoji 'yan kaɗan suna zaune a gefe da lambobinsu a ƙirji. Sai aka yi tsit. Mai begila ya fito shi kaɗai. Amo biyu na farko suna fita, tsigar jikina ta tashi. Busar Kaka ce, gaɓa da gaɓa. Asalinta, kamar yadda sajan nan ya gaya mana, alama ce cewa an duba mai gadi na ƙarshe, aikin yini ya ƙare, kowa ya kwanta. Daga baya aka mai da ita sallama ga wanda ya kwanta kwanciyar da ba tashi. Na bi shi a zuci har ya kai amon nan na sama. Ya tsaya. Na ja numfashi tare da shi, ina jiran wutsiya.

Ya sauke begila. Aka harba bindigogi, aka saki fararen tattabaru. Wutsiya ba ta zo ba.

Da aka watse na bi mabushin, wani kofur, na yi masa fito da baki na abin da nake nufi. Ya saurara sau biyu, ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta cikin littafi, bai kuma taɓa jin ta a wani bariki ba. A hanyar komawa Sabo ina ta maimaita ta a raina, sama, sama, ƙasa, sama. Sai darasin karin sauti ya faɗo mini kamar an jefe ni da dutse. Wannan ai magana ce. Take ne.

A daren na kira Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ke aure a Gwaram. Na ce, “Gwaggo, busar nan ta ƙarshe da Kaka ke yi, me take cewa?” Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Sannan ta ce, “Ɗan nan, sai yanzu ka tambaya?”

Ga abin da ta ji daga bakin mahaifiyarsu. Kaka bai tafi Kano shi kaɗai ba. Su biyu ne, shi da wani amininsa ɗan ƙasar Gwaram, jarumin noma wanda makaɗan gayya suka yi wa take tun yana saurayi. Kaka ne ya zuga shi su tafi. A soja aka ba Kaka begila, shi kuwa aminin, saboda ƙarfinsa, aka sa shi cikin 'yan dako, sojojin da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka cikin tsaunukan da mota ba ta shiga, mafi yawansu ba bindiga a hannu. A wata hanya cikin daji, watanni kaɗan kafin a gama yaƙin, aka yi musu kwanton ɓauna. Ba a sami damar ɗauko gawarsa ba, ba a yi masa salla ba. Da Kaka ya dawo, shi ya je ya faɗa wa uwarsa. Da ya yi aure ya sami ɗan fari, sai ya sa masa sunan aminin.

Nan na gane abin da ya ɗaure Kaka. Ya raya sunan, amma ta hanyar da ta hana shi faɗinsa har abada, domin Bahaushen zamaninsa ba ya kiran sunan ɗan fari. Har babana ya yi furfura, “Yaro” yake ce masa. Sai ya zamana begila ce kaɗai bakin da ya rage masa. Sau ɗaya a shekara yakan yi wa runduna sallamarta kamar yadda aka koya masa a Zariya, sannan ya kira mutum ɗaya da takensa kamar yadda ake yi a gonakin Gwaram. Abin da na bi akuya da shi ke nan. Ni ma ba zan rubuta sunan a nan ba, sunan mahaifina ne.

Na neme shi a intanet, cikin jerin hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai da aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba. 'Yan Najeriya suna ciki. Amma magatakardan soja na lokacin sukan rubuta sunan mutum ne su bi shi da sunan gari a maimakon na uba, ƙasarmu kuwa a lardin Kano take a wancan zamani. Na tarar da masu sunansa fiye da ɗaya, ga Kano, ga Katsina, ga Sakkwato, ga Zariya, jere kamar tashar mota. Ban iya cewa ga shi ba. Na yi musu addu'a gaba ɗaya, na rufe wayar.

Ban fito daga wannan da ƙin badujala ba. Ƙasa tana bukatar ranar da za ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta yarda cewa akwai bashi a kanta, kuma ban san abin da ya kai ƙahon tagulla iya tara mutane a kan wannan ba. Har yau ana kai samari daga ƙauyukanmu fagen fama a Borno da Zamfara, ana kuma yi wa waɗanda ba su dawo ba wannan busa. Sai dai maci, tun daga ƙirarsa, an yi shi ne don ya shafe bambancin taku. Yana iya riƙe sunan runduna, da na tsauni, da shekara. Ba shi da gurbin da zai sa ɗan dako ɗaya wanda gangar noma ta san shi, wanda uwarsa ta yi ta duban hanyar Kano. Wannan aikin na gida ne. In gida bai yi ba, ba hafsan da zai yi, kuma ranar da mai riƙe da taken ya mutu ba tare da ya faɗa wa kowa ma'anarsa ba, mamacin ya sake mutuwa. Saura ƙiris hakan ta faru a gidanmu, da hannuna a ciki.

Bana, ranar 15 ga Janairu, ina gida. Na roƙi Baba mabuɗin adaka, ya ba ni bai tambayi dalili ba. Na goge begilar da toka da lemon tsami. Lotsawar tana nan inda na bar ta. Da yamma na zagaya bayan gida. Leɓena ya manta aikinsa, amon sama ya tsage mini har sau biyu, na dai lallaɓa na kai ƙarshe. Na numfasa, na busa wutsiyar, sau biyu, a hankali.

Ban san Baba ya biyo ni ba. Yana tsaye a bakin danga da buta a hannu, zai yi alwalar magariba. Ya dubi gabas, inda hanyar Gwaram ta bi, ya ce, “Na'am.” Sannan ya ce in faɗa wa Inna ta jiƙa shinkafar waina.